Kumbo da Ledar Kifi

A shagon cajin waya na bakin Kasuwar Tarauni yake zaune. Magidanci ne, furfura ta fara taɓa gemunsa, idanunsa jajur. Kwamfuta na kan cinyarsa a jone da wutar shagon, ledar cefane na tsakanin ƙafafunsa, ɗanyen kifi yana ɗiga kan silifas ɗinsa.

Na leƙa. Kumbon 'yan sama jannati yake zanawa, irin na finafinai, har ya yi wa fukafukan ado irin na hular zanna. Kwamfutar tana fito da hoton layi bayan layi, ta wuce rabi. Ina jin gidansu babu wuta, a hanyar cefane kawai yake satar wannan lokacin.

Wayarsa ta yi ƙara. Muna jin muryar matarsa.

"Baban Ilham, tukunya na kan wuta tun ɗazu! Inna ba za ta sha magani ba sai ta ci abinci."

"Ga ni nan tafe."

Ya daɗe yana kallon kumbon, da sauran wutsiya ba ta fito ba. Ya zare cajin, allon ya yi baƙi nan take. Ya sunkuya ya ɗauki kifin.