Wasiƙu Ashirin da Uku na Kaka Tafireta

Shekara talatin da ɗaya Kaka Tafireta ta yi tana zaune a barandar da ke kallon ƙofar kotu, da teburinta mai ƙafa ɗaya gajera da take tokarewa da kwali. A nan ta buga wa mutane takardun rantsuwa, da na koke, da na neman aiki, kuma a nan ta koyi rashin yarda da kowa. Ta ga mai furfura ya rantse shekarunsa ashirin da tara. Ta ga mutum ɗaya ya zo sau uku yana cewa gobara ta cinye takardunsa, har ta tambaye shi ko a cikin murhu yake kwana. Shi ya sa ko gaisuwa aka yi mata sai ta juya ta ta duba bayanta. In ka ce mata an yi haɗari a kan titi, ba za ta ce Allah ya kiyaye ba sai ta fara tambayar wa ya gani.

Tana da ƙa'ida guda da ba ta taɓa karyawa ba. Duk abin da za ta buga, sai ta saka takardar kabon a tsakanin fararen takardu biyu, ta miƙa wa mai aiki ta sama, ta ajiye ta ƙasa a fayil. Wannan ya fid da ita kunya ranar da wani ya kawo ƙara wai ta sauya masa ranar haihuwa, domin kwafi ta zaro ta ɗora a gaban alƙali. Da kwamfuta ta cika gari, masu zuwa barandar suka ja baya, ta ɗauko keken rubutunta ta kawo gida ta ɗora a kan tebur kusa da taga, ta lulluɓe da tsohon zane.

Ita da jikarta kaɗai ne a gidan. Sunansu ɗaya, don haka Takwara take kiranta. Uwar yarinyar ta rasu tana 'yar shekara biyu, uban kuma, wanda shi ne ɗan Kaka tilo, ya kawo ta ya ce a riƙe masa na mako biyu. Mako biyun ne har yau, yarinya ta kai shekara tara. Yana nan da ransa a wani gari, ya yi sabon gida, labari kan iso jefi-jefi daga bakin direbobi. Kaka ta san wannan sarai, kuma abin yana cin ta, don babu ciwon da ya kai ka san ɗan da ka haifa ne mai laifi.

Takwara tana shekara biyar ta dawo daga makaranta ta tambaya me ya sa babanta ba ya zuwa. Kashegari da hantsi, bayan ta raka ta, Kaka ta yaye zanen nan ta buga wasiƙa. Matar da ba ta yarda da zancen kowa ba ita ce ta zauna ta ƙaga mutum sukutum. Ta ba shi aiki a kamfanin gina hanyoyi, inda ake tashi daga sansani zuwa sansani, shi ya sa ba shi da adireshi. Ta ba shi abokin aiki mai minshari, da wata gada da ta ƙi ƙarewa, da gurgun kare mai bin motarsu. Tana da tsofaffin ambulan masu kan sarki da ta tara a zamanin aiki, sai ta zaɓi ɗaya ta manna wa sabon suna ta ce daga gidan waya ta karɓo. Duk wata biyu sai wasiƙa ta zo. A gaskiya tun tana yi da nauyin zuciya har abin ya soma yi mata daɗi, domin ɗan da ke cikin takardar ya fi wanda ta haifa hankali, kuma tana kewarsa.

Ranar wata Litinin Takwara ta shigo ta ajiye jaka, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ba ta cire takalmi ba.

"Kaka, Malama tana koya mana bambancin ƙagaggen labari da labarin gaskiya."

"To, madalla. Ita ta san bambancin?"

"Ta ce labarin gaskiya ana iya zuwa a gani, ko a tambayi wanda ya gani. Ƙagagge kuma daga kan mai rubutun ya fito. Ranar Alhamis kowa zai kawo guda-guda daga gida, a karanta a gaban aji." Yarinyar ta kalli kakarta. "Ni wasiƙar Baba zan kai. Ita ce tawa ta gaskiya."

Kaka ta ce mata ta je ta wanke ƙafa. Amma hannunta da ke ninke kaya ya tsaya, kuma nan take zargi ya tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Duk abubuwan da ke duniya a rasa abin koya wa yara sai wannan, kuma a ajin Takwara? Ta soma lissafa waɗanda suka san zancen. Matar tela da ke gidan gaba, wadda bakinta ba ya riƙe ko ruwa, ƙanwarta tana shara a makarantar. Mai shagon kwana ya taɓa ganin ta tana manna ambulan. Direban nan da ya kawo labari bara, wa ya san inda ya zauna ya sauke sauran? Da yamma matar tela ta leƙo aron almakashi ta tambayi lafiyar Takwara, Kaka ta ce a ranta biri ya yi kama da mutum, ta miƙa mata almakashin ba ta ce ta shigo ba.

Talata ta wuce tana saƙa da warwara. In ta hana yarinyar kai wasiƙar, sai ta faɗi dalili. In ta bar ta, za a tsayar da ita gaban yara arba'in a tambaye ta sunan gadar da garin da take, wataƙila wani ɗan da ya ji zancen a gidansu ya yi dariya. Ranar Laraba ta yafa mayafi ta nufi makarantar lokacin da yara suka fita hutun tara, da niyyar ta gano abin da Malamar ta sani da wanda ya gaya mata.

Ta tarar da Malamar aji huɗu ita kaɗai, 'yar siririya, alli ya yi mata fari a hannun riga. A gaban allo akwai kwali biyu, an rubuta wa ɗaya ƘAGAGGE, ɗaya GASKIYA. A cikin na farko akwai littafi mai hoton zomo sanye da hula, a na biyu littafin taurari da wata tsohuwar jarida. Suka gaisa, Malamar ta jawo mata kujera.

"Malama, na ji an ce yanzu har ƙarya kuke koya wa yara."

Malamar ta yi murmushi. "A'a, Mama. Ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne. Yaron da ya ɗauki littafin zomon nan ya san zomo ba ya sa hula, shi da mai rubutun duk sun sani, sun yarda su yi wasan tare. Ƙarya kuwa mutum ɗaya ne ya san ba haka ba ne, ɗayan yana can ya saki jiki."

Kaka ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji. Ta ƙura wa yarinyar ido irin yadda take yi wa masu rantsuwa, tana neman inda fuska za ta motsa, ba ta ga komai ba.

"Wa ya ba ki shawarar ki yi wannan darasin a wannan makon?"

"Yana cikin manhaja, Mama. Duk aji huɗu shi suke yi." Ta buɗe littafin tsarin darasi ta nuna mata. Kaka ta sa tabarau ta karanta har lambar shafi, ta duba ko da biro aka ƙara, ta ga bugun ɗab'i ne.

"Kin san matar tela?"

"Wace matar tela?"

Kaka ta kauda zancen. Ta miƙe za ta tafi, rabin ranta ya kwanta, rabi yana cewa wannan ta iya takunta ne kawai. Sai Malamar ta ce, cikin jin daɗi irin na mai ba da albishir:

"Jikarki fa akwai kai. Makon jiya ta tsayar da ni da wata tambaya da ban taɓa ji daga yaro ba. Wai in aka aika wasiƙa, wa ke riƙe kwafinta, wanda ya aika ko wanda aka aika wa. Na ce wanda ya aika mana. Ta ce to, ta koma ta zauna."

Kaka ba ta san yadda ta yi sallama ba. Ta zargi matar tela, ta zargi mai shago, ta zargi direba da wannan baiwar Allah, ashe ɓarawon yana cikin kabad ɗinta. Sabo turken wawa. Shekara huɗu tana buga wasiƙun nan, kuma ko sau ɗaya hannunta bai manta da saka kabon ba, bai kuma manta da ajiye ta ƙasan a fayil ba, ita ko lura ba ta yi. Tana isa gida ta buɗe kabad. Sai ta tuna mako biyu da suka wuce ita da kanta ta aiki Takwara ta ɗauko takardar haihuwarta a nan. Fayil ɗin yana inda yake. Kwafi ashirin da uku suna ciki, babu wanda ya ɓata, amma ita sabuwa take ɗorawa a sama, yanzu kuwa ta farko ce a sama, an jera su kamar yadda mai karatu zai bi su daga farko har ƙarshe.

Ta zauna a bakin gado da fayil ɗin a cinya. Kunya ta fi tsoro yawa a abin da ta ji. Sannan ta gane abin da ya faru ranar Litinin: yarinyar ta tsaya a ƙofa ne tana jira a hana ta, ta ba kakarta kwana uku ta faɗa da bakinta.

Da aka tashi makaranta Takwara ta shigo, ta ga fayil ɗin, ta ajiye jaka a hankali.

"Zo nan, Takwara. Kada ki kai wasiƙar nan gobe."

"Me ya sa?"

"Ni na buga ta. Duk ni na buga su."

"Na sani." Takwara ta dubi fayil ɗin. "Gadar fa?"

"Babu gada."

"Karen?"

"Shi ma babu."

Yarinyar ta gyaɗa kai, kamar mai cike gurbi a jarrabawa. Kaka ta so ta jawo ta jikinta, amma ta ga ta sa hannuwa a baya.

"Baba ya mutu ne?"

"Yana raye. Yana wani gari da iyalinsa."

"Ya taɓa tambayata?"

Amsa mai daɗi tana nan a kan harshen Kaka, a shirye, ta saba haɗa irinta kafin ruwan shayi ya tafasa. Za ta iya cewa yana tambaya, kunya ce ta hana shi zuwa, kuma babu fayil ɗin da zai ƙaryata ta. Ta dubi yarinyar ta ga irin kallon da ita kanta ta yi shekara talatin tana yi wa mutane.

"Sau ɗaya ya kira, kina aji ɗaya. Takardar shaidar gama makarantarsa yake so a aika masa. Bai tambaye ki ba."

Sai a lokacin Takwara ta yi kuka, ba da ƙarfi ba, tana tsaye a inda take. Kaka ta ce don kada ranta ya ɓaci ta yi, ta ce tana sonta fiye da komai, kuma duk gaskiya ne. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, ta share fuska da gefen riga, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Da safiyar Alhamis ta shirya da kanta. Ta saka littafin kiwon lafiya da wani ɗan littafin labarin kura a jaka, ta gaishe da kakarta yadda ya kamata, ba ƙari ba ragi. Kaka ta riga ta fita tsakar gida ta ga hadari ya haɗo ta gabas.

"Ɗauki laima, Takwara, za a yi ruwa."

A da, yarinyar kan miƙa hannu ne kawai ta ɗauka. Yau sai ta wuce laimar a jingine, ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta duba sama da kanta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta dawo ta ɗauka ta tafi, Kaka tana tsaye a bakin ƙofa.