Ranar da Ramin Kawu Ya Ƙetare Iyaka

Kawuna mai fenti ne a tashar manyan motoci, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya wayi gari bai zagi ƙasarmu ba. Idan aka ɗauke wuta, ƙasar ce. Idan famfo ya yi tari ya tofo iska, ƙasar ce. Ranar da takalminsa ya tsinke a hanyar kasuwa, sai da ya ɗaga shi sama ya ce jama'a su shaida, wannan ma aikin hukuma ne. Amma bari wani daga ƙetaren iyaka ya ce ko da ranarmu ta cika zafi, nan take Kawu zai ajiye burushi ya naɗe hannun riga.

Abin dariyar shi ne, matarsa, wadda muke kira Inna, 'yar can ƙetaren ce. Ta tsufa a gidansa, ta aurar da 'ya'ya, amma duk ranar da ƙasashen biyu za su buga ƙwallo sai ta ja tabarmarta ta koma ɗaya gefen tsakar gida. Idan Kawu ya gama wanke gwamnatinmu tas, Inna ta kuskura ta ce, "Gaskiyarka, Malam," sai ya juyo da ido jajur.

"Wa ya sa da ke? Ke 'yar ƙasar da in mutum ya yi tuntuɓe a tsakiyarta zai faɗi a waje, ke ce za ki zo min da baki?"

"To ai kai ka fara."

"Ni tawa ce!"

Rumfarsa tana can ƙarshen tasha, kusa da mai faci. Kwano ne huɗu a kan sanduna, da tsohuwar kujerar mota da soso ya leƙo, da gwangwanayen madara cike da fenti, da burusai a jiƙe cikin kananzir. Shagona na baƙin mai yana kallon rumfar, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani. A rumfar nan Kawu yake aiki tun kafin a haife ni, kuma a ganinsa tashar ce aka gina a jikin rumfarsa.

Motocin tasharmu masu bodin katako ne, kowace da ƙyauren baya wanda ake zarewa sama idan za a loda kaya. Ƙyauren nan shi ne jaridar Kawu, kuma yana da doka a kansa. Fuskar waje ta maƙwabta ce: a nan yake rubuta musu tsiya da manyan baƙaƙe, irin su "Ku matsa, manya za su wuce." Fuskar ciki kuwa tamu ce: a nan yake zana abin da ke cin ransa, asibiti ba magani, fitilar titi da tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, babban mutum yana barci a kujerar ofis. Buhuna ne ke rufe zanen a hanya. Kowane direba ya san in an isa can za a sauke kaya, sai a zare ƙyauren a kifa shi a ƙasa. In an dawo gida, a jingina shi a bango, 'yan dako su yi ta ƙyaƙyata dariya.

A can ma akwai wani mai fenti da ke mayar da martani a motocinsu. Ba su taɓa haɗuwa ba. Baƙaƙensa duk sun jingina gefe ɗaya, shi ya sa Kawu ya raɗa masa Ɗan Karkace. Kawu ya rubuta "manya za su wuce", ba a jima ba motarsu ta shigo da "Manya, ina wutarku?" Kawu ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba, sannan ya aika da "Duhunmu ya fi ƙasarku faɗi." Haka suka yi ta yi har gashin Kawu ya yi fari, kuma na tabbata na Ɗan Karkace ma bai tsira ba.

Masifar ta zo ne ta hannun wani direba da ake kira Ba-Birki. Ya kawo sabon ƙyaure, Kawu kuwa ya zage ya yi zanen da bai taɓa yin irinsa ba. Wani ƙaton mutum ne, tumbi har gwiwa, riƙe da almakashi yana yanka ƙyalle a bakin wani rami na tsakiyar titi. Cikin ramin ga wutsiyar mota ta leƙo, gefe ga jama'a suna tafi. A ƙasa ya rubuta: "An buɗe sabon rami. Allah ya ƙaro." Ranar har mai faci sai da ya bar tayar da yake bugu ya zo ya riƙe ciki.

Ranar lodi hadari ya taso. 'Yan dako suna sauri kada ruwa ya jiƙa kaya, suka ɗauki ƙyauren suka zura shi a baibai, ramin yana kallon duniya. Shi kuwa Ba-Birki, mutumin da bai taɓa zagayawa bayan motarsa ba sai in taya ta fashe, ya haye ya ba ta wuta. Daga baya ya ce tun daga bakin gari motoci ke binsa suna oda, ana ɗaga masa hannu, shi kuma yana ɗagawa, a zatonsa tuƙinsa ake yabo.

A kan iyaka ma'aikatan can suka tsayar da shi, ba don takarda ba. Suka kira 'yan uwansu, kowa ya zaro waya. Kafin Ba-Birki ya isa inda zai sauke kaya, ramin Kawu ya riga ya dawo mana ta wayoyi, da rubutun mutanen can a samansa: "Su da bakinsu suka faɗa."

Tasha ta ɗauki zafi. Mutanen da suka sha dariyar zanen jiya su ne yau suka fi kowa kishin ƙasa. Ciyaman na ƙungiyar direbobi, wanda nake zargin tumbinsa Kawu ya ara wajen zanen, ya zo rumfar da tawaga.

"Baba," in ji shi, "ka tona mana asiri a gaban mutanen da ko filin juya tirela ba su da shi."

"Ciyaman, ni a ciki na zana."

"Ciki ko waje, hannunka ne. Motar na dawowa za mu zauna. In ta tabbata, rumfar nan za a kwashe ta, ka je can su ba ka wuri."

Wani daga baya ya ce ai ba mamaki, mutumin da ya ajiye 'yar can a ɗaki. Wannan maganar ce ta soki Kawu. Wallahi na ji kamar in watsa wa mai maganar baƙin mai.

Daga ranar Kawu ya yi shiru. Ba mai kawo masa ƙyaure, ba mai zama a kujerar sosonsa. Aka ɗauke wuta yana tsakar gida, bai ce uffan ba. Famfo ya yi tarinsa ya gama, Kawu ya kalle shi ya kau da kai. Gidan ya zama kamar na makoki. Inna ta tsorata har ta fara tsokanarsa da gangan.

"Malam, ƙasar nan taku dai ta lalace."

Kawu bai ko ɗago kai ba.

"Na ce 'yan ƙwallonku ma ƙafafunsu duk na hagu ne."

Ya ce, "Haka ne," ya shige ɗaki. Inna ta zauna ta yi kuka sosai. Ta ce da ni tun da aka kawo ta gidan bai taɓa ce mata haka ne ba.

Da na kai masa shayi rumfa, sai ya ce, "'Yar nan, a ramin nan da na zana ƙanina ya karye, a ramin nan motar maƙwabcinmu ta kife. In ban zage shi ba, wa zai zaga? Yanzu ni ne ba na son ƙasa?"

Ranar da motar ta dawo, ko masu sayar da ruwa sai da suka bar tirensu. Ba-Birki ya shigo a hankali, karo na farko a rayuwarsa. Abin mamaki, ƙyauren yana daidai, tsiyar maƙwabta a waje. Ciyaman ya tambaye shi wa ya juya.

Ba-Birki ya sosa ƙeya. Ya ce yana isa tashar can, wani tsoho mai fenti a riga ya ratso cikin masu dariya, ya kama masa kunne a gaban kowa. Ya ce masa, "Kai wane irin sakarai ne? Wannan na ciki ne! Ana fita da na ciki?" Tsohon ya sa aka zare ƙyauren, ya kai rumfarsa ya rufe da buhu, bai dawo da shi ba sai da za a taso, kuma shi ya zura shi da hannunsa.

Aka zare ƙyauren aka jingina a bango. Ramin Kawu yana nan, ba a taɓa shi ba. Amma a gefensa, inda Kawu ya bar fili, an zana wani ramin, da nasu ƙaton mutumin, shi har da kujera da lema yana kamun kifi a ciki. A ƙasa, da baƙaƙen nan masu jingina gefe ɗaya, an rubuta: "Namu ya fi naku zurfi."

Ciyaman ya matso, ya karanta, ya sake karantawa, wuyansa ya kumbura.

"Ƙarya ne!" ya daka tsawa. "Wane rami gare su? Ramin bayan gada kaɗai ya haɗiye min tirela har da kwandasta!"

Nan fa wuri ya kaure. Wannan ya ce a raminmu ya ga ana wanki, wancan ya rantse akwai wanda yara ke koyon iyo a ciki. Mutanen da suka zo korar Kawu don ya ce muna da rami, su ne suke neman dambe don an ce namu bai kai ba. Ba wanda ya ƙara tuna zancen kwashe rumfa. Ciyaman ya juyo yana haki.

"Baba, ka ba shi amsa yau ɗin nan. Ka zana ramin bayan gada, ka sa a waje, duk ƙasarsu ta gani!"

Kawu bai kalle shi ba. Ya durƙusa gaban ƙyauren yana bin karkatattun baƙaƙen da yatsa, idonsa ya kawo ruwa.

"A ciki zan amsa masa," ya ce. "Shi a ciki ya ba ni nasa." Ya share ido da bakin riga, ya ƙara da cewa, "Amma dubi kifin nan don Allah. Mutum ya tsufa bai iya zana kifi ba."

Da yamma na bi ta gidan. Muna zaune aka ɗauke wuta. Kawu ya miƙe tsaye, ya fara zagi daga mai kula da wayar wuta har ya kai kan manya, bai tsallake kowa ba. Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala, murna ta ɗebe ta ta ce, "Gaskiyarka, Malam, ƙasar nan sai addu'a."

"Ke!" in ji Kawu. "Kama bakinki. Wa ya sa da ke?"