Rasmata Tapsoba, Mai Hanyar Kekunan Tangin

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina lambu a bakin madatsar ruwa ta Tangin, ina ɗaure latas a bayan keke, sai na hango maƙwabciyarmu Salamata tafe a ƙafa, ba kwando. Tun kafin ta iso jikina ya ba ni. Ta ce Rasmata Tapsoba ta cika bayan sallar asuba, a ɗakinta, a ciwon da ya kwantar da ita tun kafin azumi. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Rasmata, tun muna amare muke tuƙa keke tare daga lambu zuwa kasuwannin Wagadugu. Ke Bamosiya, ni Basamiya, don haka ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba: ki kira ni baiwarki, in kira ki baiwata. Mutane suna jin wasan ƙabilunmu ne, su yi dariya. Ni kuwa rabin nawa ba wasa ba ne. Latas ɗina ya fi naki kyau, kowa ya sani, amma naki ke fara ƙarewa. Kina da wani abu da ke sa mutum ya tsaya a gabanki, wanda ni Allah bai ba ni ba.

Shekarar da tirela ta ture ni cikin kwalbati na karye a gwiwa, ke kika riƙa ɗora kayana a kan naki, kina kaiwa kasuwa, kina dawo mini da ciniki da kwanon wake da shinkafa. 'Ya'yana ba su kwana da yunwa ba. Da na warke na koma, sai na tarar masu sayen kayana sun saba da ke. Kina turo su wurina, suna saye don kunyarki, idonsu yana kan teburinki.

A kwancen nan ne na fara cewa in za a gyara titinmu, ya kamata a ware wa kekuna da masu tafiya a ƙafa gefensu, a raba su da motoci da ɗan dakalin siminti. Ke kaɗai na faɗa wa. Da aka tashi zuba kwalta, magajin gari ya kira taron unguwa don a ji bakin jama'a kafin a kammala zane. Na je da maganata a shirye. Da aka miƙo mini makirufo, sai na ɓige da godiya kawai na zauna. Kika tashi kika faɗe ta tiryan-tiryan, har da gwiwata, kika rufe da cewa shawarar Korotimi Zerbo ce, wato ni, ga ta nan zaune. Aka yi ta tafi. Washegari a kasuwa ana cewa, ku ga Rasmata, ga basira ga rashin son kai, har tana jingina wa baiwarta.

Yarda a taro ba ita ce ƙarshen aiki ba. Rumfuna sun cinye gefen titin, kuma masu su 'yan unguwa ne, ba wanda ke son matsawa. Ta farko a layin kuwa ta ɗanki Lasane ce, inda yake faci da sayar da fetur a kwalba. Kika je da kanki da rana tsaka, kika kama kwance kwanon rufin. Na ji shi yana cewa, "Inna, abincina fa kike tsigewa." Kika ce masa wanda mota za ta take a wurin ma ɗan wata ne. Damina guda bai taka gidanki ba. Kin rame a wannan daminar, amma ba ki yi ƙorafi ga kowa ba. Da sauran suka ga haka, suka ja rumfunansu baya ɗaya bayan ɗaya, ke kuma kika yi ta sintiri ofishin magajin gari har aka ba su wuri a bayan kasuwa. Wannan na san ba zan iya ba, kuma shi na fi jin kishinsa.

Yau 'yan makaranta suna bin hanyar a jere, tsofaffi suna takawa masallaci ba mai riƙe musu hannu. Ba a kafa allo ba, amma duk wanda ka tambaya zai ce maka hanyar Rasmata. Kullum da safe ina bi ta kanta da gwiwar da ta haife ta, ina jin ana kiranta da sunan wata.

Zuwana na ƙarshe, na same ki a jingine, an dama miki kunu ba ki sha ba. Kika ce an sa taro a kan inda bas zai riƙa tsayawa, kuma in aka ajiye shi a bakin makaranta zai toshe hanyar kekuna, don haka in je in yi magana. Na ce ai ba ni suke saurara ba. Kika dube ni, kika yi murmushi.

"Za su saurara, baiwata. Ai ba na nan."

Ashe duk shekarun nan kin san inuwarki ce take rufe ni.

Ranar jana'izarki kekuna sun cika layinku har bakin kwalta. Lasane ne a gaban makara, yana kuka kamar yaro. Mata suna ta kallona, suna jiran in tare ƙofa in ce ba a fita da baiwata sai an fanshe ta, kamar yadda ƙabilunmu ke yi wa juna a jana'iza. Na tsaya a ƙofar, na buɗe baki, sai na matsa aka wuce da ke.

Taron kuwa na je, bayan sadakar bakwai. Na yi magana, aka amince a mayar da matsayar bas gaba da makaranta. Ina fitowa wani dattijo ya tare ni, idonsa da ƙwalla, ya ce wallahi da ya rufe ido sai ya ji kamar Rasmata ce. Na ce masa na gode.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Bureima, da Lasane da ƙannensa, da dangin Tapsoba, da matan lambun Tangin baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk ƙafar da ta bi hanyar nan lafiya ta zama lada a gare ki. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa ni maƙwabtaka da ke a Aljanna, ko da gidanki ya fi nawa girma.