Ranar da Malam Ya Rufe Jitarsa

Da mu huɗu muke kiɗan jaz na Jifsi a bayan wani shago a titin High Point Road, marigayi Malam ɗan Nijar yana jan mu da jitarsa. Jiya na ji waƙarsa a rediyo, makaɗa arba'in, amma babu rai.

Wani farfesa ne ya rubuta ta a takarda, ya gayyaci Malam ya kaɗa ta tare da makaɗansa. Ranar gwaji, ya ƙwanƙwasa sandarsa ya ce, "Malam, bi takarda."

Malam bai taɓa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Ya ce, "Ɗana, ni ba soja ba ne," ya rufe jitarsa a akwatinta.

Daga Bamako har Faransa ban ga raini irin wannan ba, kuma ban yafe wa farfesan ba. Allah ya haskaka kabarin Malam. Bai sake taɓa jita ba har ya rasu.