Gurnanin Kwamfutar Baba

Babanmu mai ɗaukar hoto ne, kuma shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da tsakar gida. Taurin kai gare shi na innanaha, ko almakashi ba ya yarda a sauya masa. Kwamfutarsa kuwa ta girmi autanmu.

Ƙwaƙwalwarta 'yar mitsitsiya ce. Da ya buɗe manyan hotuna sai ta cika, ta fara kwashe wasu tana jibgewa a faifan ajiya, in an neme su ta koma ta ɗebo, kamar mai ƙaramin tebur da ke ta zirga-zirga zuwa sito. Lokacin nan komai tsayawa yake cak. Jar fitila ta kama ƙyaftawa, faifan ya yi ta gurnani har tsakar gida.

Umma ta san wannan ƙarar. Da ta ji, ta san hannunsa ya huta, sai ta leƙo da kofin shayi ta zauna a benci. Ta tsokane shi wai tsohuwarsa ta fara tari, shi kuma ya ce ai ta fi wasu haƙuri. A irin wannan jiran suka yanke shawarar komai na gidan, har da tura ni koyon gyaran kwamfuta. Wallahi ina kewar muryoyin nan.

Bayan rasuwar Umma, faifan ya ƙara da wani ƙas-ƙas da kunnena bai so ba. Na gaya masa gaskiya: kai-kawon nan na shekara da shekaru ya cinye shi, kuma hotunan Umma kaf suna ciki, babu kwafi ko'ina. Ya ce in je in yi wa kwastomomina wa'azi. Ko linzamin kwamfutar bai bari na taɓa ba. Haushi ya kama ni, na daina maganar.

Wata safiya sai ga kiransa. Hoton Umma ya ƙi buɗewa.

Na kwashe duk abin da ya kwasu zuwa sabon faifai, Allah ya taimaka har da wancan hoton, na kuma ƙara mata ƙwaƙwalwa yadda ba sai ta riƙa aron wuri a faifai ba. Ya danna. Kafin ya janye yatsa, ga Umma tana dariya, da sauran hotunan reras.

Ya jingina da kujera yadda ya saba, yana jira. Babu abin jira.

"Ta yi shiru," in ji shi.

"Ai ta warke ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙofar tsakar gida, sannan ya ce a hankali, "To yanzu ta yaya za a san na samu sarari?"

Na shiga ciki na ɗora ruwan shayi.