Kawu Lawal da Tambayoyin Ƙwaya

Tun da aka kafa Kankiya ba a yi mutumin da ya wahalar da gaskiya kamar Kawu Lawal, tsohon hedimasta, ba. Kun dai san shi: ba ya karɓar amsa sai ya ji ta sau biyu, mako guda tsakani. Ranar da matarshi, Inna, ta ce akuya ta haihu, cewa ya yi, "To, zan sake tambayarki Laraba."

Shi ma'aikatan lafiya suka kawo wa tambayoyin gane wanda tramol ko kodin ya kama, ya mayar da su Hausa. Aikin kwana biyu ne. Wata uku ya yi! Da ya gama, ya aika wa wani tsohon malami a Kusada ya maido su Turanci ba tare da ganin na asali ba. Suka saɓa a kan tambaya ɗaya, suka daina gaisawa har aka yanke gero.

Ni kuwa hankalina na kan ƙanena Sale direba, da ƙwaya ke cinyewa. Ga shi sai takardar tambayoyin ta nuna ya kamu sannan za a sa shi a magani.

Kawu ya nufi tasha ya gwada ta da kanshi. Rabin direbobin nan shi ya zane su a aji uku.

"Sale, ka taɓa sha?"

Sale ya durƙusa. "Ni, Kawu? Ko fanadol tsoro nake ji."

Kowa a'a. Bayan mako, a'a. Kawu ya dawo gida yana washe baki: "Amsa ɗaya sau biyu! Takarda ta inganta, Kankiya kuma fes!"

Inna ta ce, "Haba Malam! Wa zai dubi idonka ya ce yana sha? Ni ma da ka tambaye ni goro, musawa zan yi."

Ya yi fushin kwana biyu, sannan ya roƙi Maman Chinedu mai kemis ta yi tambayar. Gabanta Sale ya amsa komai, yana share hawaye. Bayan mako, haka.

Kawu ya daɗe yana duban takardun.

"Fassarar lafiyarta lau. Ni ne ba ni da inganci."

Ya ɗauki jan biro ya rubuta a saman shafi: Kada hedimasta ya yi tambayar nan.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya sanyaya makwancinka, Ya sauƙaƙa maka naka tambayoyin.

Sale ya yi magani, ya daina. Har Kawu ya rasu Sale bai amsa mashi cewa ya taɓa sha ba.