Garin da Yaya Ya Baro Mijina

Zamanin Nasara ne, lokacin da kowa a ƙasar Kabo ya raja'a kan noman gyaɗa. Maigidana da yayansa kuwa suka ce su fataucin kakanni za su raya. Suka ɗaure turkudi da saƙi, suka bi ayarin Buzayen da ke kawo mana gishiri, suka nufi Azbin. Na yi magana har bakina ya gaji. Ina goyon fari a lokacin, amma wa ya saurare ni?

Da shekara ta zagayo, Buzaye suka iso garinmu Masanawa da Yaya shi kaɗai, ɗaure a kan raƙumi kamar buhun dawa. Suka ce su biyun sun ware daga ayari a cikin rairayi suna neman raƙumin da ya tsinke, iska ta shafe sawu. Daga baya aka tsinci Yaya yana tafe ba rawani, leɓɓansa duk sun tsage, yana hira shi kaɗai. Mijina kuwa ko takalminsa ba su gani ba.

Jikin Yaya ya warke. Yana cin tuwonsa, yana salla, har gona yana zuwa. Amma rana ta riga ta taɓa masa kai. Da an ambaci ƙanensa sai fuskarsa ta washe.

"Ai yana can lafiya lau," in ji shi. "Wani gari muka faɗa, ganuwarsa ta gishiri. Rana biyu gare su, kafin ɗaya ta faɗi ɗayar ta fito. Inuwa kuwa a ƙwarya mata ke yawo da ita, a ɗebo maka da ludayi ka shafa. Shi aka naɗa sarkin rijiyarsu."

Jama'a suka samu abin nishaɗi. Har daga Gammo ake zuwa ranar kasuwa a zauna a ƙofar gidanmu, a ce Yaya ya ba da labarin garin gishiri. Shi kuma kullum da ƙari: yau raƙuman garin suna tashi sama, gobe ruwansu yana gudu in ya ga mai ƙishi. Ana ta ƙyaƙyata dariya, ni ina daga ciki ina daka, zuciyata kamar ta fashe. Ni ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Ko gaisuwar mutuwa ba wanda ya yi mini, don ba a san ko an mutu ba.

Mahaifina ya kai ni gaban alƙali a Gwarzo, da Yaya a biye. Alƙali ya tambaye shi a natse, shi kuma ya zayyana masa ganuwa da rana biyu, har dogarin da ke bakin ƙofa ya juya baya yana danne dariya. Alƙali ya ce ba a karɓar shaidar mai taɓin hankali, sai dai in je in cika shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace. Haka muka tako har gida.

Inna, uwar mijina, ita ta fi ƙona mini rai. Ta riƙe maganar Yaya hannu bibbiyu. "Ɗan'uwansa ya ce yana raye, ke wace ce za ki kashe mini ɗa da baki?" Haka take ce mini in ta ga ina hawaye.

Ba irin lallashin da ban yi wa Yaya ba. Wata rana na durƙusa gabansa na ce, "Yaya, don girman Allah ka dube ni. Ya mutu ko yana raye?"

"Ke dai kin cika gaggawa," ya ce. "Garin da dare ba ya yi, ta yaya mutum zai san ya daɗe?"

Wallahi da ba yayan mijina ba ne, da na zage shi ranar.

Cikin wata bazara maƙwabcinmu ya rasu. Bayan an dawo daga maƙabarta, liman ya yi sallama a zaure ya ce a kira ni da Inna. Ya ce ƙasa ta yi tauri, masu haƙa suna ta fama da diga suna ƙorafi, sai Yaya da ke tsaye a gefe ya ce da su, "Ku gode wa Allah kuna da diga. Ni da hannu na tona wa ƙanena, ina tonawa rairayi na komawa." Kowa a wurin ya ji.

Ko mayafi ban ɗauka ba na fita. Na tarar da Yaya a gindin darbejiya yana fifita da hula. Na ce ya maimaita mini abin da ya faɗa. Ya yi murmushi ya ce sarkin rijiya yana gaishe ni. Na dawo wurin liman, shi ma ya girgiza kai ya ce bakin dai ɗaya ne, alƙali ba zai karɓa ba.

Na ce to alƙali ya riƙe shari'arsa. Na shiga ɗaki na cire awarwaro da 'yan kunne, na zauna na fara tsefe kitsona don shiga takaba. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ni kuma ina jiran faɗa. Sai ta shigo ta zauna a bayana, ta ture mini hannu ta ci gaba da tsefewar da kanta.